Ƙararrawar Mato ta Hamdara

Muna sallame asuba muka tashi daga Zango, ni da wani mai jaki da na ɗauka haya, ko addu'ar liman ban tsaya shafawa ba. Ku da kuke damuna a rumfa da tambayar abin da ya kai ni Hamdara cikin wannan bazara ta yunwa, da abin da ya sa na dawo bakina ya mutu, ga labarin nan zan ba ku sau ɗaya. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a ƙyale ni in huta.

Kun san sana'ata. Dillalin tagulla ne ni, ɗan dillalin tagulla. Tasa, buta, munduwa, likkafa, in aka miƙo mini sai in ɗaga, in ƙwanƙwasa da zobe, in gaya wa mutum ko zubin Barno ne ko na Kano. Wasunku kuma sun san ƙanwata Habsu, wadda ta auri Mato kuku. Mato ya daɗe yana yi wa wani kaftin na Nasara dafuwa, har zazzaɓi ya kashe kaftin ɗin a nan Damagaram. Kafin ya cika ya ba Mato wata ƙararrawa da ya zo da ita daga wata ƙasa mai nisa inda ya yi yaƙi, Tonkin suke ce mata, can gabas kusa da Sin. Mato ya bar bariki ya koma gonar ubansa a Hamdara, da matarsa da ƙararrawarsa. Sau ɗaya na taɓa ganin ƙararrawar, a kife bayan randa, tsawonta ya kai kamu, jikinta duk tsanwa da baƙi kamar gindin tsohon tulu. Na ce ya sayar mini in kai wa maƙeran fari su narke, ya ce amanar mamaci ce, ba ya sayarwa. Bana yunwa ta ɗauke Mato. Ya bar wa Habsu ƴan mata biyu, da gona, da rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa.

Ana nan sai ga tafintan bariki a rumfata, ya ce lokotoro, likitan Nasara na bariki, na cigiyar wata ƙararrawa. Shi ma lokotoron ya zauna a Tonkin, ya san kaftin, ya san abin da ya bari. Ya ce in ta kaftin ɗin ce, lokotoro zai ba da kayan raƙumi biyu na hatsi. Kun dai san abin da kayan raƙumi biyu yake nufi a bana. Abincin mutum uku ne har kaka, da irin shuka a kai. Ma'ana Habsu ta zauna a gonarta ke nan, ba ta bi hanyar kudu kamar sauran mutane ba. Ranar da na ji maganar, ranar na sami wani mutumin Hamdara da ya zo sayar da kaba, na ce ya gaya wa ƙanwata an sami mai sayen ƙararrawar Mato, Nasara ne, ina nan tafe. Sai dai lokotoro ya ce kada in tashi sai ya nuna mini alamun da idonsa, ya kuma tafi rangadi ya daɗe bai dawo ba.

Jajibirin tafiyar ne ya kira ni ɗakinsa. Na tarar da ƙararrawa uku jere a kan katako, duk sun yi dauɗa irin ta Mato. A raina na ce, Allah sarki, mutum ba mata, ba mai wanke masa kaya. Ta bakin tafinta ya shiga koya mini. Ya ce mutanen can suna bin wani da suke kira Buda, a ɗakunan ibadarsu ake rataye waɗannan. Ya ce in fara leƙa ciki: ta gaskiya ba ta da ɗan bugu a ciki irin na ƙararrawar raƙumi, daga waje ake dukanta da itace. In duba maratayi, za a ga wata halitta mai kama da maciji, kai biyu, kowane kai na kallon gefensa. In duba wurin duka, an zuba shi da siffar furen bado. In shafa ciki da tafin hannu, zubin da ne in na ji kaushi da gurbin ƙasar zubi, in ya yi sumul sabon aiki ne. Akwai rubutunsu a jiki, sunan ɗakin ibadar da sunayen mutanen garin da suka ba da ƙarfe aka zuba ta. Ya ce ta kaftin kuma tana da siffar mutum zaune, ya harɗe ƙafafu, a kowane gefe. Sannan ya buga ɗaya. Na ji tagulla da yawa a rayuwata, amma ban taɓa jin wadda take ƙin yin shiru haka ba. Sautin ya yi ta tafiya yana dawowa, har na gaji da riƙe numfashi bai ƙare ba.

Duk wannan na gane shi, aikina ne. Abin da ya faɗa daga ƙarshe ne ban zata ba. Ya ɗora yatsa a kan tsanwar nan da nake ce wa dauɗa, ya ce wannan ita ce shekarun ƙararrawa. Hayaƙin turare da ruwan sama da hannun masu ibada ne suka taru suka yi ta, a hankali, tun kafin a haifi kakanninmu. Ya ce ana iya yin ta jabu, amma ta jabu tana bin yatsa in an jiƙa shi da yawu. Ta gaskiya ta zama fata. Ya ce fatar nan yake saye, kada kowa ya kuskura ya wanke.

Jama'a, wa ke kai tagulla kasuwa ba wanki? Mu nan, mace in za ta sayar da tasa sai ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka da rairayi, ta dirje ta har ta yi ido. Rashin yin haka raini ne ga mai saye, abin kunya ne ga mai sayarwa. Habsu kuwa ba ta da na biyu a wannan aiki. Tun tana yarinya matan unguwarmu suke kawo mata tasoshinsu, innarmu takan ce a tasar Habsu ake sa kwalli in madubi ya ɓata. Ga shi na aika mata cewa Nasara zai saya, ga shi an daɗe da aiken. Shi ya sa ban tsaya addu'ar liman ba.

Mun bi ta gefen ganuwar Birni rana na shirin fitowa, muka ratsa tsakanin manyan duwatsun nan muka miƙa gabas, hanyar Mirya. Jakin abokin tafiyata ya fi mai shi hankali, ya san ba abin da ke gaba sai wahala, saboda haka ba ya sauri. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Mai shi ya ce tun da ciyawa ta ƙare yake ba shi tsohuwar zana, ya cinye dangar gidansu kaf, yanzu matarsa tana wanka da ido ɗaya a kan hanya. Na yi dariya don kada ya ji kunya, amma hankalina yana Hamdara.

Hanyar cike take da mutane, sai dai duk kudu suka nufa, mu kaɗai muke ratsa su. Maza da ƙunshi a ka, mata da goyo, tsofaffi suna dogara sanda. Ba kiɗa ba hayaniya, ko gaisuwa a taƙaice ake yi, don magana ma ƙarfi take ci. A gindin kowace inuwa akwai wanda ya zauna hutawa, wasu kuwa in ka duba da kyau za ka ga ba tashi za su yi ba. Gonaki sun yi fes, an share an ƙone, ana jiran ruwa, amma wanda na tambaya ko yana da iri sai ya kawar da kai. Mun wuce mata suna tona gidan tururuwa suna kwashe ɗan hatsin da ƙwari suka tara. Wasu suna sussukar ƙarangiya da hannu naɗe da tsumma.

Abin da ya fi damuna shi ne tasoshi. Daga bakin Mirya har cikin kasuwa mata ne zaune a jere, kowace da kayan aurenta a gabanta, tana neman tiyar hatsi ɗaya a bakin tasar da a shekarar arziki ba za ta bayar da tunkiya ba. Ba mai tayawa. Amma ku ji, babu ko ɗaya da ba a wanke ba. Matar da ba ta iya ɗaga murya ta yi talla, ta sami ƙarfin da ta dirje tasarta tana ƙyalli a rana. Kowace na gani sai in ji kamar an soke ni. Na ce wa mai jaki mu wuce, ya ce jaki ya ce a'a.

Dole muka kwana Mirya, gidan wani abokin sana'a. Garin lambuna ne, da can mutum ba ya shiga ya fita bai ci rogo da rake ba. Yanzu tsamiyoyin garin an sauke su tas, har ganyen. A kasuwa dusa ake aunawa da ƙaramin ƙoƙo kamar gishirin Bilma, kuɗin tiya ɗaya na hatsi kuwa ya kai abin da muke sayen dami da shi kafin fari. Masu wuri suna ta ƙirga har masu hatsi su gaji su ce tamma, kuɗin Nasara, kawai suke karɓa. Mai masaukinmu ya kawo mana ƴaƴan anza na daji da aka jiƙa aka dafa, da ganyen tafasa ba gishiri, yana ta ba da haƙuri. Ɗacin anzar bai gama fita ba, amma mun cinye mun suɗe, mai jaki har da yaba wa uwargida.

Kashegari rairayi ya yi yawa, rana ta buɗe, jaki ya ƙara lalacewa. Mun wuce wani ƙauye da ban ji motsin kowa ba, an toshe ƙofofin da ƙaya, ungulaye a kan bukkoki. Ina tafe ina lissafi da zuciyata. Ina cewa wataƙila mai kaba ya manta da saƙon. Wataƙila yunwa ta hana ta aikin. Wataƙila ba tsamiya a Hamdara. Ban taɓa yi wa ƙanwata fatan rashin ƙarfi ba sai ranar, Allah ya yafe mini.

Mun isa bayan azahar. Ban gane Habsu ba sai da ta yi magana. Wuyanta ya yi tsawo, zanen ya zagaye ta ya dawo. Ƴan matan suna kwance a inuwar rumbu, suka tashi da ƙyar suka durƙusa suka gaishe ni. Na yi mata ta'aziyyar Mato, ta karɓa, ta kawo ruwa zalla a ƙwarya tana cewa in yi haƙuri ba gari. Ina sha idona ya kai kan rumbun. An yi masa sabon yaɓe, an liƙe tsagar gindi, an gyara hular ciyawar. Ita kaɗai ta yi, ta ce kada hatsi ya zo ya tarar da wuri a lalace.

Ta shiga ɗaki ta fito tana rungume da abu naɗe cikin tsohuwar rigar Mato. Ta aje a gabana, ta kwance, ta ja da baya tana kallon fuskata.

Sai da na runtse ido don ƙyalli. Ja-ja take, tana walƙiya daga maratayi har baki. Na ga gemuna a jikinta.

"Yaya, ka gani?" in ji ta. "Da ka ga yadda take da, wallahi da kunya ta kashe mu gaban Nasara. Mato, Allah ya jiƙansa, bai taɓa bari na taɓa ta ba. Dauɗar ta yi taurin kai, sai da na yi ta kwanar da ita cikin ruwan tsamiya."

Na ce, "Ina kika sami tsamiya?"

"Wadda nake sa wa yara a kunun dusa ce. Na ce su yi haƙuri, hatsi na zuwa."

Na juya ƙararrawar ina neman siffar mutumin nan da ke zaune. Babu. A kowane gefe sai wani fili mai santsi da sawun magagari. Rubutun kuma rairayi ya cinye shi, sai ɗan alamu kamar sawun kaza bayan an yi shara. Na tambaye ta ina siffofin.

"Gumakan? Haba Yaya. Ina musulma in sayar da gunki, in ciyar da marayu da kuɗinsa? Na kai wa maƙeri ya goge su. Bai so ba ma, ya ce ba shi da ƙarfi, sai da na ba shi tasata ta ƙarshe."

Sannan ta miƙo hannuwanta don in gani, tana murmushi. Fatar yatsun ta saɓule, tafin ya tsattsage, wani wurin yana ruwa. Ni da nake cin abinci da bakina, ni da na saba sayar wa Buzu abin da bai zo saye ba, sai na kau da ido daga hannuwan. Ga yara biyu sun zuba mini ido. Na ce, "Sannu Habsu. Ta yi kyau." Abin da na iya faɗi ke nan.

Don in sami abin yi da fuskata, na ce a ba ni muciya. Na rataye ƙararrawar a reshen aduwar gidan na buga a wurin furen bado, wanda shi ma ya kusa shafewa. Muryar tana nan. Ta fita ta cika gidan ta tsallake danga, maƙwabta suka fito suna tambayar ko lafiya. Ƙaramar yarinyar ta ɗora tafinta a jikin tagullar ta yi dariya, ta ce tana yi mata cakulkuli. Habsu ta ce rabonta da jin dariyar yarinyar tun kafin rasuwar uban.

Ina sauke ta ne na hangi wani abu. A ƙarƙashin maratayi, tsakanin kawunan macijin nan biyu, akwai wani lungu da bai fi faɗin farce ba, tsanwar tana nan ciki ba a taɓa ta ba. Habsu ta ga inda nake kallo, ta kama baki. Ta ce yatsanta ne bai shiga ba, in ba ta tsinke da tsumma yanzu ta ƙarasa. Na fizge ƙararrawar har ta tsorata. Na ce a bar shi haka, rana na yi, hanya da nisa. Ta raka mu har bayan gari tana tambaya ko raƙuman za su iya bi ta ƙofar gidan, ko sai an ɗage danga.

A hanyar dawowa na gaya wa mai jaki gaskiya, don abin ya fi ƙarfin cikina. Sai ya kawo shawara. Ya ce mu binne ta cikin kashin jaki da fitsari da gishiri, ya taɓa ganin munduwar matarsa ta yi tsanwa haka. Ya ce jakinsa ba ya cin abin kirki, amma ɗan abin da yake fitarwa zai bayar kyauta. Na yi tunanin abin har Mirya, ba zan ɓoye muku ba. Sai na tuna yatsan lokotoro da yawu. Kuma ko tsanwa ta dawo, wa zai dawo da abin da magagari ya ci? Muka wuce. Matan tasoshi suna nan a inda muka bar su, sai dai jerin ya ragu.

Ban biya gida ba, kai tsaye bariki na nufa da ƙurar hanya a jikina. Lokotoro ya fito da murna har yana taya ni sauke kaya. Da ya kwance rigar Mato sai ya tsaya cak. Fuskarsa ta yi ja, ya faɗi wasu maganganu da tafinta ya ce ba zai juya ba. Sannan ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin Nasara ya yi ba, yana bin sawun magagarin da ɗan alamun rubutun da yatsa. Ya ce a nan sunayen suke, matan wani gari da suka cire mundayensu aka narke. Ya ce yanzu ba wanda zai sake sanin ko su wane ne. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Na ce wata mace ce da ta so ta girmama shi. Ya sa tafinta ya maimaita, don yana zaton bai ji daidai ba.

Ya leƙa ciki, ya shafa kaushin zubi. Ya buga, ya rufe ido har sautin ya mutu. Sannan ya ɗauko wani gilashi mai ƙara girman abu, ya bi ta ko'ina, har ya kai lungun nan na ƙarƙashin maratayi. Ya daɗe a wurin. Ya jiƙa tsinke da yawu ya goga, ba abin da ya biyo. Ya ce ita ce, ta kaftin ce, tsohuwa ce ta gaske, kuma ba don wannan ɗan lungu ba da ba zai iya rantsewa ba. Amma ya ce abin da ya yi alkawarin saye ba shi aka kawo masa ba. Zai ba da taiki ɗaya na hatsi, saboda muryar da kuma ɗigon nan.

Na yi dillanci irin wanda ban taɓa yi ba. Na kawo nauyinta, na kawo muryarta, na kawo marayu, na kwatanta masa hannun Habsu. Ya saurara, ya sa aka ƙara ɗan abu a bakin taikin, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Ba zan ce ya cuce ni ba. Da wurin maƙeran fari na kai ta a bana, ko rabin haka ba za su bayar ba. Na fito ban ji haushinsa ba, ban ji haushin Habsu ba, na rasa wanda zan ji haushi, wannan kuwa ya fi komai ciwo.

Na shiga gida bayan la'asar, na tarar da matata a tsakar gida tana dirzar buta da toka. Ƙarar rairayi a kan tagulla, wadda na tashi da ita tun ina yaro, ranar ta kore ni waje.

Ban iya komawa Hamdara ba, ƙafata ta ƙi. Na ɗora wa jakin taikin, na ce wa mai shi ya kai, ya kuma gaya mata ta tattaro yaran ta zo Zango, mu raba ɗan abin da muke ci sau ɗaya a yini. Da ya dawo bai shigo ba, a zaure ya tsaya yana murza igiya. Ya ce da ta ji kukan jaki ta fito da gudu tana duban bayansa, tana neman raƙuma. Ta riga ta ɗage dangar. Ta dubi taikin, ta dubi rumbun, ta auna da ido, ta ga in an ci ba iri, in an shuka ba mai kai wa kaka. Ya ce ba ta yi kuka ba. Ta ce a gaya wa Yaya gidansa cike yake, ba za ta ƙara masa baki uku ba. Ta bar wa dangin Mato gonar, ta ƙulle hatsin guzuri, ta bi ayarin masu zuwa Kano ita da yaran.

Na ce ba ta faɗi komai ba game da ƙararrawar? Ya ce ta faɗi. Ta ce, "Na sani. Lungun nan ne Nasara ya gani. Da Yaya ya bar ni na ƙarasa wankin, da bai rage mana ba."

Ruwan farko ya sauka bayan tafiyarta da kaɗan, mai kyau, har ƙasa ta yi ƙamshi. Ban san inda ya same ta ba. Ƙararrawar kuwa lokotoro bai jera ta da ƴan uwanta ba, ya sa an rataye ta a ƙofar madafa, kukunsa na bugawa in abinci ya nuna. In iska ta juyo daga bariki ana jin ta har rumfata, wasunku sun tambaye ni ko mece ce.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa, kuma ba ya ƙosar da kowa. Na yi zaton na san darajar tagulla, ashe darajar da ke idon mutanenmu kawai na sani. Mu in muna ganin girman abu sai mu goge shi, su Nasara in suna ganin girmansa sai su bar masa tsufansa, kuma ba wanda ya gaya wa wani sai da aikin ya ƙare. Yanzu duk fataken da suka taso daga Kano ina tare su ina kwatanta mace mai tsagaggun hannuwa da ƴan mata biyu. Har yau ba wanda ya gan ta. In kuma Allah ya sa an gan ta, ban san saƙon da zan bayar ba. Ko in bar ta tana zaton wankinta ne bai isa ba, ko in gaya mata lungun da yatsanta ya kasa shiga shi ne ya sayo musu guzurin hanya.